Tagar Inna da Darasin Watan Agusta: Yadda Ake Gyara Tagar Katako a Gida

Bari in fara da tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni.

A daminar bara waccan, muna hutu, Inna, wato kakata ta wajen uba, ta aika aka kira ni ɗakinta a gidanmu da ke cikin garin Daura. Tagar ɗakin ta katako ce mai ƙyaure biyu, kowane da ɗan gilashi a sama, kuma ta girme ni nesa ba kusa ba. Ta ce, "Kai ɗan boko, yau ga ranarka. Kwana uku ke nan tagar nan ta ƙi rufuwa, sauro ya hana ni runtsawa." Na ce, "Inna, wannan ai ƙaramin aiki ne." Na aro filen, wato abin da kafintoci ke feƙe katako da shi, na hau gefen ƙyauren da fira. Na fere, na gwada, na ƙara ferewa, har taga ta rufu salin alin. Inna ta sa mini albarka, aka dama mini fura, na fito ina ji da kaina.

Cikin watan Janairu na leƙo gida a ƙarshen mako, sai na tarar an cusa tsummokara a tagar. Tsakanin ƙyaure da ƙyaure rata ta buɗe, ɗan yatsana na shiga. Ƙurar hunturu ta yi wa shimfiɗa fari fat, Inna kuma tana ta tari. Baffa ya riga ya yanke hukunci: a ɓalle ta a kira mai walda ya yi ta ƙarfe. Inna ta ce ita dai tana raye ba a taɓa tagar nan, domin marigayi kakanmu ne ya sa aka yi ta shekarar da aka haifi babana. Gida ya rabu biyu a kan taga, ni kuwa na san wanda ya ja.

Na je wurin wani tsohon kafinta a unguwarmu na yi masa bayani. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Ɗana, a wane wata ka fere ta?" Na ce, "Agusta, Baba." Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Ka ɗinka wa mutum wando ranar walima, yanzu azumi ya zo wando na zamewa." Abin da na koya daga wurinsa, da abin da na bincika daga baya, shi nake so in raba da ku. Tun da aka kafa kwalejin nan a 2019 da yawanmu haya muke kamawa a cikin gari, wasu kuma daga Sandamu, Mai'adua, Zango ko Baure suke zuwa, kuma da wuya a rasa tsohuwar tagar katako a irin gidajen da muke kwana.

Katako ba ya daina shan ruwa

Idan ka fahimci wannan, ka yi rabin aikin. Katako tamkar damin kara ne, ƙananan bututu jere da juna bisa tsawon icen. Ko an sare shi an busar, yana ci gaba da zuƙar danshi daga iska idan akwai laima, yana kuma sakin sa idan iska ta bushe. In ya sha ya kumbura, in ya saki ya tsuke.

A ƙasar Daura muna da ƙarshen abin ta kowane ɓangare. A tsakiyar hunturu laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, ruwan da ke cikin katako ya sauka zuwa kashi 4 ko 5. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi zuba, laima kan kai kashi 70 zuwa 80, ruwan cikin katako ya hau kashi 13 zuwa 16. Masu aikin katako suna da ƙiyasi mai sauƙi: duk sauyin kashi 4 na ruwan ciki, faɗin falanki kan sauya da kusan kashi 1. Ke nan falanki mai faɗin santimita 30 zai iya ƙaruwa ko raguwa da milimita 7 tsakanin Agusta da Janairu. Wani icen ya fi wani motsi, fenti kuma yana rage saurin abin, amma ba ya hana shi. A tsaye kuwa katako kusan ba ya motsi. Shi ya sa taga ke cijewa ta gefe, ba kasafai ta sama ba.

Laifina ke nan. Na fere ƙyaure a ranar da ya fi kowace rana kumbura, na kuma bar wurin da na fere tsirara babu fenti. Da iska ta bushe ya koma jikinsa na gaskiya, ban da abin da na riga na zubar ƙasa.

Daga nan ne amsar babbar tambaya ta fito: yaushe ake gyaran taga? Lokacin kaka, daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, katako ya fara sakin danshi amma bai ƙeƙashe ba, ƙura kuma ba ta yi ƙarfin da za ta manne a ɗanyen fenti ba. Abin da ka auna a lokacin yana tsakiya, zai jure damina ya jure hunturu. Mu ma haka muka yi. A Janairu Baba kafinta ya buga siririn katako ya rufe ratar don Inna ta samu barci, babban aikin muka bari sai Oktoba.

Duba kafin ka taɓa

Kayan aikin ba su da yawa: sukundireba, guduma, ƙaramin zarto, kurfi, tef ɗin awo, samfefa mai kaushi da mai laushi, farin gam na katako, buroshi, alli, da tsohon tub na tayar babur. Filen ka aro shi, amma ka ajiye shi nesa tukuna.

Fara da dannawa. Ka bi ko'ina da bakin sukundireba, musamman katakon ƙasa na ƙyaure, da kusurwoyi biyu na ƙasa, da inda firam ya haɗu da bango. Lafiyayyen katako ba ya karɓar ƙarfe. Inda ya nutse kamar ka soki dafaffen rogo, nan ruɓa ce. Sannan ka ƙwanƙwasa. Inda ka ji sauti kamar na ƙwarya, gara ta cinye ciki ta bar maka ɓawo da fenti. Ka duba bango ko akwai siririyar hanyar ƙasa da ta hau daga tushe zuwa taga, wannan titin gara ne.

Na biyu, ka ɗan ɗaga ƙyauren daga gefen sakata. In ya yi wasa sama da ƙasa, ko dai hinji ya saki, ko kuma haɗin kusurwa ya buɗe. Na uku, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, sannan ka auna ɗayan gicciyen. In awon biyu ya zo daidai, ƙyaure na nan a miƙe. In ɗaya ya fi, ya langaɓe. 'Yan lissafi, ga Faisagoras ya biyo ku har ɗakin Inna: ƙyaure mai faɗin santimita 60 da tsayi 80, gicciyensa dole ya ba ka 100.

Da muka yi wannan binciken a tagar Inna, sai ga shi ba kumburi kaɗai ya hana ta rufuwa ba. Hinjin sama ya saki, ƙyaure ya sunkuya yana gugar ɗan uwansa. Da sukuru biyu na ɗaure a ranar, da ban fere komai ba. Garaje dai ba ƙarfi ba ne.

Hinji da haɗin kusurwa

Kafin ka cire ƙyaure, ka yi alama da fensir inda kowane hinji yake, ka rubuta "dama" da "hagu". Sukurun da fenti ya rufe, ka kankare tsagarsa, ka ɗora sukundireba ka ɗan buga da guduma, zai saki. Ka shimfiɗa ƙyauren a kan wuri mai laushi kuma daidai, a inuwa.

Ramin sukurun da ya yi faɗi ba a gyara shi da ƙusa. Ƙusa ce ke tsaga firam, bayan wata biyu kuma ta sake fita. Ka feƙe ƴan tsinkayen busasshen katako, ko ka samu tsinken sakace, ka tsoma su a gam, ka cusa har ramin ya cika, ka bari ya kwana. Washegari ka yanke abin da ya fito, ka huda ɗan siririn rami, ka ɗaura sukurun da ya ɗan fi tsohon tsawo. Hinjin da ya yi tsatsa ka jiƙa shi a kananzir ka goge. In sandarsa ta cinye, sabo ba shi da tsada.

Haɗin kusurwa kuwa, yawanci harshe ne na katako ɗaya da ya shiga ramin ɗayan. In ya saki, ka buga a hankali ya fito, ka kankare tsohon gam da datti tas, domin sabon gam ba ya kama tsoho. Ka shafa gam a harshe da cikin rami, ka mayar. Ba ka da abin matsewa irin na kafintoci? Ka yanka tub ya zama dogayen zirin roba, ka naɗe ƙyauren da ƙarfi. Ko ka zagaya igiya biyu, ka sa sanda a tsakiya ka murɗa har ta ɗame, amma ka sa kwali a kusurwa kada igiya ta ci katako. Tun gam bai bushe ba ka sake auna gicciye biyun nan, ka tura kusurwar da ta fi tsawo har su zo ɗaya. Ka ba shi awa 24. Farin gam na kasuwa ba ya jure ruwa sosai, saboda haka ka huda ta cikin haɗin ka buga ɗan turken katako, fenti kuma ya rufe sauran.

In taku ta falankai ce jere da aka ɗaure da katako biyu a baya, maganin langaɓewarta shi ne katako na uku a karkace. Ka lura da inda yake fuskanta: ƙafarsa a ƙasa ta gefen hinji, kansa a sama ta gefen sakata. Haka nauyi zai hau kansa ya gangara wurin hinji. In ka juya shi, ado kawai ka yi.

Inda ya ruɓe

Katako ba ya ruɓewa don tsufa. Yana ruɓewa ne idan ruwan cikinsa ya daɗe sama da kashi 20 cikin 100, domin a nan ƙwayoyin fumfuna masu cin ice ke samun wurin zama. Shi ya sa kusan kullum ƙasan taga ne ke fara lalacewa, inda ruwa ke kwanciya.

Ƙaramin rami ko tsaga, garin katako da gam ya isa a cike shi. Amma in ruɓar ta kai faɗin yatsu biyu, cikewa yaudarar kai ce. Ka yanke har sai ka kai lafiyayyen katako, ka ƙara kamar santimita 2 a kai. Yankan ya zama a jirge, ba a tsaye cak ba, don gam ya samu faɗin kamawa, kuma jirgewar ta gangara waje yadda ruwa zai zame. Ka feƙe sabon guntu ya zauna daram, zarensa na bin inda na tsohon ke bi, ka manna, ka ƙara sukuru biyu ka binne kawunansu. In duk katakon ƙasan ya tafi, ka cire shi ka kai wa kafinta ya yanka maka irinsa. Wannan ba gazawa ba ce.

Wane katako za ka saya? Yawancin wanda ke rumfunan 'yan katako daga kudu yake zuwa, da yawa ta kasuwanni irin ta Na'ibawa a Kano. Farare marasa nauyi irin su obece da afara suna da araha da daɗin aiki, amma gara da ruwa ba sa jin kunyarsu, sun fi dacewa da cikin ɗaki. Abin da zai sha ruwa, ka nemi iroko ko jan katako dangin maɗaci. Ko a cikinsu ka guji farin gefen nan na kusa da ɓawo, zuciyar icen ce mai jurewa. Kuma ka nemi busasshe. Katakon da aka sauke daga mota jiya yana ɗauke da laimar kurmi, in ka yi aiki da shi zai tsuke ya bar maka rata. Dabarar Baba kafinta ita ce neman guntun tsohuwar ƙofa ko tsohon benci, wanda ya riga ya ga hunturun Daura sau ashirin.

Gara

Magabatanmu sun san gara fiye da mu. Shi ya sa maginan gargajiya suka riƙe azara ta giginya wajen rufin soro, domin gara ba ta cika cin ta ba, tagoginsu kuma ƙanana ne can sama, nesa da ƙasa. Mu da muka kawo faffaɗar taga muka dasa firam cikin bangon ƙasa, mun kai wa gara abinci har gida.

Garar da ke cin gidajenmu daga ƙasa take tasowa, tana kuma buƙatar danshi da duhu. Ka rushe hanyarta, ka bi ta har tushe. Ka kwashe itacen girki, kara, ko tsohon kwali da aka jingina a bangon. Duk katakon da ka kankare, ka shafa masa maganin katako irin su Solignum, ka maimaita a bakin yanka, ka bar shi ya sha iska a waje kwana biyu ko uku. Bayan firam da ke manne da bango shi ne ƙofar shigarta, in ka samu damar kaiwa gare shi ka shafe shi da kwalta.

Abu biyu nake roƙo ku bari. Na farko baƙin mai na inji. Na san ana shafawa a katakon rufi, amma a tagar ɗakin kwana wari ne da datti mai cutarwa, kuma fenti ba zai ƙara kama wurin ba. Na biyu fiya-fiya da sauran magungunan ƙwarin gona. Ba a yi su don ɗakin da mutum zai rufe ya kwana ba, kuma sun sha halaka mutane.

Yanzu ka ɗauko filen

Bayan hinji ya ɗauru, kusurwa ta miƙe, ka mayar da ƙyaure ka gwada. Sau da yawa za ka ga matsalar ta tafi. In har yanzu yana cijewa, ka goga alli a bakin firam, ka rufe ka buɗe. Inda alli ya shafi ƙyaure, nan kaɗai za ka taɓa, kuma ka fara da samfefa. Wani lokaci tulin tsohon fenti ne kawai.

Ratar da ake so a lokacin kaka kamar milimita 3 ce a kowane gefe. Ba ka da abin aunawa? Katin banki kaurinsa milimita 0.76 ne, huɗu a haɗe sun ba ka 3. In tilas ta sa ka yi aikin da damina, ka bar ratar kati biyu kacal, domin za ta buɗe da kanta. In da hunturu ne, ka bar ta kati shida ko bakwai, domin Agusta na nan tafe.

To ƙura da sauro fa, ta wannan ratar? Ba a toshe rata, rufe ta ake yi. Ka buga siririn katako a jikin firam yadda ƙyaure zai jingina da shi in an rufe, wani kuma a bakin ƙyaure ɗaya ya hau kan ɗayan. Ka manna zirin robar tub a inda suke haɗuwa. Katako zai yi motsinsa a ɓoye, iska ba ta samu hanya ba. Da wannan aka rufe ɓarnar da na yi wa Inna.

Gilashi da raga

Ka sa safar hannu mai kauri kafin ka taɓa fasasshen gilashi. Ka cire guntayen, ka kankare tsohon foti da ƙananan ƙusoshi. Ka auna gurbin, ka rage milimita 3 a tsawo da faɗi kafin ka je wurin mai yanka. Gilashin da ya cika gurbi dam, ranar da katako ya motsa zai tsage. Ka fara shafa fenti a gurbin ya bushe, in ba haka ba katako zai tsotse man da ke cikin foti ya bar shi yana marmashewa. Ka shimfiɗa foti siriri, ka danna gilashi ta gefe-gefe ba ta tsakiya ba, ka kafa ƙananan ƙusoshi su riƙe shi, ka bi da foti a jirge. Ka ba shi mako ɗaya zuwa biyu ya yi fata, sannan ka yi fenti, fentin ya hau gilashi da kamar milimita 2 don ruwa kada ya bi ta baya.

Raga kuwa kada ka raina ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya. A ƙasar Gambiya, wani bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2009 ya gano cewa sa wa gida raga ya rage sauron da ke shiga da kusan rabi, ya kuma rage ƙarancin jini ga yara. Duk wanda zazzaɓi ya taɓa kayarwa a makon jarrabawa ya san darajar wannan. Ka ja raga ta miƙe, ka danne bakinta da siririn katako, kada ka dogara da ƙusa kaɗai.

Fenti da hanyar ruwa

Gargaɗi tukuna. Tsohon fentin mai yana iya ƙunsar dalma. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara kusan 400 suka rasu. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce. Ka jiƙa wurin kafin ka goge don kada ƙura ta tashi, ka rufe hanci, ka yi aikin a waje, ka kori yara, kada ka ƙona fenti da wuta, ka wanke hannu kafin ka ci abinci.

Ƙyaure fuska shida gare shi: ciki, waje, gefe biyu, sama da ƙasa. Yawancinmu biyu muke shafawa, waɗanda ido ke gani. Alhali bakin ƙasa da na sama, inda bututun nan suka buɗe baki, su ne ke shan ruwa ninkin ba ninkin. Ka ba su shafi biyu na fentin fari na farko, sannan duka ƙyauren ya samu shafi biyu na fentin mai, sirara, da kwana ɗaya a tsakani. Kada ka rufe taga sai ya bushe sarai.

Sannan ka fita waje ka ɗaga kai. Ina ruwan ke fitowa? Hadarinmu daga gabas yake tasowa, iskar hunturu daga arewa maso gabas, don haka tagar gabas ita ce mai shan wahala. Ka duba ko indararo na zuba kusa da ita. Dandamalin ƙasan taga ya gangara waje, ba ciki ba. A gidanmu indararo ne ya karye yana feshin tagar Inna shekara da shekaru, babu wanda ya lura. Turawan Ingila ma sun koyi irin wannan ta wata hanya: bayan gobarar Landan ta 1666, dokar gini ta 1709 ta tilasta a shigar da firam ɗin taga inci 4 cikin bango. Don wuta aka yi dokar, amma ta kare katako daga ruwa, kuma har yau akwai tagogin katako a can da suka haura shekara 200 suna aiki. Bangonmu na ƙasa ya fi nasu kauri, wurin ɓoye taga ba ya yi mana wuya.

Shin ba gara a sa ta ƙarfe a huta ba?

Baffa yana da hujja, ba zan ɓoye ba. Ƙarfe ya fi tsaro, gara kuma ba ta cin sa. In firam ya ruɓe cikin bango ta ko'ina, ko bangon saman taga ya tsage, aikin ya wuce na ɗalibi, a kira magini da kafinta. Amma ku tuna da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ƙarfe yana wuce da zafi fiye da katako sau 300 da ɗoriya, alminiyom kuwa fiye da sau 1,000. Wanda ya taɓa dafa ƙyauren ƙarfe da azahar a watan Afrilu ba ya buƙatar lissafi. Tsaro kuma ana samun sa da sandunan ƙarfe a cikin firam da sakata mai kyau. Ga mu kuma a bakin hamada, duk katakon da aka ceta ice ne da ba a sare ba.

Ku masu haya, kafin ku kwance ko sukuru ɗaya ku sanar da mai gida. Ku ɗauki hoton yadda tagar take, ku yi magana a kan wanda zai biya kayan aiki, in da hali a gaban shaida. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma gyara kayan wani ba da izini ba yana iya zama rigima ranar tashi.

Aikin tagar Inna ya ci mana Asabar uku. Tun daga nan ta ga hunturu ɗaya da damina ɗaya. A Agusta takan ɗan yi nauyi sai an tura da tafin hannu, a Janairu ta saki, tsumma kuwa bai koma ba. Baffa bai ce komai ba, sai dai ran nan na ji yana tambaya ko akwai sauran fenti, wai ƙofar zaure. Inna kuma har yau in na shiga gaishe ta sai ta ce, "Ɗan boko, ina fatan ba da filen ka zo ba."

Kaka na nan zuwa. Kafin lokacin, yau in ka koma ɗaki, ka ɗauki sukundireba ka danna ƙasan tagarka ka ji abin da za ta ce. Allah ya ba mu sa'ar karatu, ya sa albarka a hannuwanmu.